Gwanjon kayan tarihi: abin da ya kamata Diffa ta lura da shi tun kaya suna gida

Ranar 16 ga watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse a birnin New York a kan dalar Amurka miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na kuɗin Sefa. Dutsen, mai nauyin kilo kusan 25, ya faɗo ne daga duniyar Mars, an kuma tsince shi a jihar Agadez a watan Nuwamban 2023. Ya biya ta Italiya kafin ya isa Amurka. Sai da aka buga guduma sannan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, daga baya kuma Janar Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi.

Mutanen Diffa na iya cewa wannan zancen Agadez ne. Amma kayan da 'yan gwanjo suka fi nema ba daga sama suke faɗowa ba, a cikin adakar tsofaffi suke, kuma kwarin Komadugu na cikin wuraren da suka fi su a ƙasar nan. A bakin wannan kogi Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu wajen 1472, birnin da ya riƙe daular Barno har aka ci shi da yaƙi a 1808. Kangonsa na ƙetaren iyaka, ɓangaren Najeriya; a gefen Nijar akwai kangon Garumele mai gasasshen tubali kusa da Ngigmi. A Dufuna ta jihar Yobe wani makiyayi mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000.

Waɗannan na ƙarƙashin ƙasa ke nan. Na cikin gidaje sun fi yawa: takubba, kayan doki, tsofaffin tsabar azurfa da mata ke ado da su, tsakiya da murjani, sai kuma Alƙur'anai rubutun hannu cikin gafakar fata. Rubutun Barno ya yi suna tun da. A ƙarni na 19 ayari na ɗaukar Alƙur'anan nan zuwa arewacin Afirka a sayar da tsada. Waɗanda wani Baturen bincike, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotonsu a ƙarshen shekarun 1950 suna ɗauke da fassara da tsohon Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya kuma an rubuta masa shekarar da ta yi daidai da 1669. Da waɗannan hotuna ne masana suka riƙa nazarin yadda harshen yake ƙarnoni da suka wuce. Littafi irin wannan in ya salwanta, ba gida ɗaya ya yi asara ba.

Yadda kayan gado ke barin gida kusan iri ɗaya ne ko'ina. A Birtaniya manyan gidajen masu sarauta na karkara sun daɗe suna gwanjon kayansu, saboda harajin gado da tsadar gyaran gini. Cikin kayan akwai waɗanda kakanninsu suka kwaso daga ƙasashen da suka mulka. Fadar Powis ta yankin Wales na riƙe da tarin kayan Indiya na iyalan Robert Clive, kuma a 2004 zuriyarsa ta sayar da wani ɗan tulu mai ado da duwatsu masu daraja a kan kusan fam miliyan 3. Bambancin shi ne, can kowane kofi da kujera na da lamba da hoto da tarihin hannuwan da ya bi.

A nan, abin da ke tilasta sayarwa ya fi haraji zafi. Tun harin Boko Haram kan Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, da kwashe mutane daga tsibiran tafkin Chadi a watan Mayun shekarar, dubban iyalai suka koma bukkoki a bakin hanya mai lamba 1. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara rushe gidajen ƙasa. Wanda ya rasa gonar tattasai da kamun kifi, abin da ya gudo da shi shi ne jarinsa. Ga kuma rabon gado: takobi ɗaya ba ya rabuwa tsakanin magada tara, sai a yi masa kuɗi. Azurfa ma ta fi shiga haɗari, don maƙeri nauyinta yake saye, ba shekarunta ba, ya narke ta.

Babu mai hurumin zargin uwar da ta sayar da murjanin kakarta ta sayi buhun hatsi. Kayanta ne. Matsalar ita ce kaya na tafiya ba tare da an san sun taɓa kasancewa ba.

Misalai biyu sun nuna amfanin sanin. A watan Oktoban 2023 aka shirya gwanjon zobba da lambobin girma na Léopold Sédar Senghor a birnin Caen na Faransa. Da yake an buga jerin kayan, Senegal ta gani, ta sa aka dakatar, ta saye su a kan Yuro 244,000. A ƙarshen 2010 kuma magadan wani hafsan Birtaniya suka janye fuskar hauren giwa ta masarautar Benin daga gwanjon Sotheby's, bayan 'yan Najeriya sun yi ca, domin kowa ya san an kwaso ta ne a harin 1897. Duka biyun, an san kayan, an san inda suka fito.

Doka ma a kan wannan ta dogara. Nijar na da dokar kare kayan tarihi mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, tana kuma cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Sai dai yarjejeniyar ba ta waiwayar abin da ya fita kafin ta fara aiki, kuma sashenta da ya wajabta mayar da kayan sata ya fi ƙarfi ne a kan abin da ke rubuce cikin kundin wani gidan tarihi ko wurin ibada. Nijar ta ɗanɗana wannan da gumakan yumɓu na Bura a yammacin ƙasar: bayan an nuna su a Turai a shekarun 1990 masu haƙa suka far wa wuraren, sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000 kuwa bai dawo da waɗanda suka riga suka watsu ba.

Sayen kaya irin na Senegal ba abin da baitulmalin Nijar zai ɗauka ba ne a halin yaƙi. Kwashe su zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300, shi ma ba zai karɓu ba. Malami ba zai ba da Alƙur'anin da ake karatu da shi a kulle a gilashi ba, kuma da zarar aka ji ana ƙwace, kowa zai ɓoye nasa. Abin da ke da sauƙi shi ne ɗaukar hoto da rubuta bayani, kaya na hannun mai su: mene ne, na wane gida ne, daga wa aka gada. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, na da ɗaliban da ke jin Barbarci da Fulatanci da Hausa. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai ya san aikin. Sarakunan kanto na Komadugu da Chetimari da Maine-Soroa da Ngigmi su ne za su iya buɗe ƙofofin.

Kundin kansa na buƙatar tsaro, don jerin gidajen da ke da azurfa a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa jagora ne ga ɓarawo. Sunayen gidaje sai su tsaya a hannun hukuma da fada, hotunan kaya kaɗai su je ga jami'an duwan da jandarmomi da ke kan iyaka.