Kwazazzabon Gombe Ba a Dare Ɗaya Ya Haƙu Ba

Duk wanda ya zaga unguwannin gefen Gombe bayan ruwan Agusta zai ga aikin ruwa da idonsa. Inda bara yara ke bi su tafi makaranta, bana rami ne da ya fi tsayin mutum. Saiwar darbejiya na reto a bakinsa, katangar gidan da ke kusa ta tsage ta karkata.

Akan ce ikon Allah ne. Haka ne, amma hannun mutane na ciki dumu-dumu.

Gombe a kwari take, ƙarƙashin tudun Akko, ƙasarta kuwa mai rairayi ce, ba ta da riƙo. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1996 gidaje ke ta bazuwa, ana sare itatuwa, kwano da kwalta suna maye gurbin ciyawa. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu taruwa yake yi ya gangaro a guje. In magudana ta ƙare a fili, nan zai fara da 'yar tsaga, ya rarake ƙarƙashi, gaɓa ta rufta, kan ramin ya yi ta cin gaba zuwa gidaje. Masu tifa da ke kwasar yashi a cikin rafi suna ƙara masa zurfi.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. An yi shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, ga kuma ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai siminti da ƙarfe tsada gare su, kuma sai ɓarna ta auku suke isowa.

Manoman Maraɗi sun nuna hanya mai araha. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohon gawo da kalgo ya girma, iska ta rage kwashe musu ƙasa. Haka ciyawar jema take yi wa ruwa: saiwarta na nutsewa can ƙasa ta ɗaure gaɓa.

Don haka kamata ya yi hukumar tsara birane ta hana gini a bakin kwari, ta tilasta a kai kowace magudana har rafi, a kuma ƙayyade wuraren ɗiban yashi. Masu unguwanni su ma su riƙa fito da matasa aikin gayya kafin damina, a toshe ƙananan tsagogi da duwatsu, a dasa jema tun kwando ɗaya na iya cike tsagar.