Sharhi: An harbe raƙuma dubu biyar a Ostiraliya, ina aka kai mushen?

Duk lokacin da fari ya tsananta a tsakiyar Ostiraliya, sai labarin harbe raƙuma daga jirgi mai saukar ungulu ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp. Daga Agadas har Kano mutane su yi ta Allah wadai, wasu su ce da ma a loda su a jirgin ruwa a kawo mana. Fushin yana da dalili, domin a Abalak ko Tanut raƙumi ɗaya jari ne na gida guda. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ta fi shafar lafiyar mutane da dabbobi: idan bindiga ta yi shiru, me ake yi da gawarwakin?

Harbin da ya fi tayar da ƙura shi ne na watan Janairun 2020, a yankin APY na ƴan asalin ƙasar, arewa maso yammacin jahar Ostiraliya ta Kudu. Cikin kwana biyar aka kashe raƙuma sama da 5,000. Shugabannin yankin ne da kansu suka nemi a yi, saboda ƙishirwa ta kora garkunan cikin ƙauyuka, suna karya shinge, suna fasa famfo, har da na'urorin sanyaya ɗaki don neman ɗigon ruwa. Wani dalilin da suka kawo kuma shi ne raƙuman na tattake juna a bakin ƴan wuraren ruwan da suka rage, su mutu a ciki, ruwan ya ɓaci. Ke nan matsalar mushe tana cikin abin da ya jawo harbin tun farko.

Waɗannan raƙuma jikokin waɗanda Turawan Ingila suka shigo da su ne, akasari daga Indiya da Afganistan, daga wajen 1860 zuwa farkon ƙarni na ashirin, don jigilar kaya a hamada. Da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin a shekarun 1920, sai aka sake su a daji. Babu zaki, babu kura, ga fili, suka yi ta hayayyafa. Tsakanin 2009 da 2013 gwamnatin tarayya ta kashe dalar Ostiraliya miliyan 19 a wani shiri da ya rage kusan raƙuma 160,000, mafi yawansu ta hanyar harbi daga sama.

Lissafin nauyin kawai ya isa ya nuna girman aikin. Babban raƙumi yana kai kilo 400 zuwa 600. Dubu biyar ke nan sun haura tan 2,000 na nama da ƙashi da kayan ciki, a warwatse cikin yankin da faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 100,000, wato ya ninka jahar Maradi fiye da sau biyu, alhali mazaunansa ba su kai mutum dubu uku ba. Babu hanyar kwalta zuwa inda dabbar ta faɗi, ga zafin da kan wuce digiri 40 a watan Janairu, wanda shi ne tsakiyar bazararsu. Ko an ajiye batun yanka a gefe, naman da ya yi ƴan awoyi a wannan rana ya gama lalacewa. Ostiraliya tana sayar da naman raƙumi a waje, har ƴan Somaliya mazauna Minnesota a Amurka suna saye, amma wannan sai an tattaro dabbar da rai, an loda ta a tirela, an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa mayanka. Raƙumin da fari ya ramar ba ya biyan kuɗin man wannan tafiya. Shi ya sa maganar “a kawo mana su” take da daɗin faɗa kawai.

Abin da aka tsara a APY shi ne a ƙone ko a binne gawarwakin da ke kusa da gari ko inda mota za ta iya kaiwa, sauran a bar su inda suka faɗi. Haka manoma da makiyayan ƙasar ke yi da aladun daji da yanyawa da sauran dabbobin da ke musu ɓarna. A jahar New South Wales har doka ta taɓa wajabta haka: manomin da aka ba izinin harbin kangaru dole ya bar gawar a wurin, ba zai taɓa naman ba, don kada izinin ya koma hanyar kasuwanci. Sai a watan Agustan 2018, lokacin wani mummunan fari, aka janye wannan sharaɗi.

A nan ne lissafin hukuma yake da rauni a ganina. Ana ƙidaya dabbobin da aka kashe a sanar da manema labarai, amma ba a cika ƙidaya abin da mushen ya ciyar ba. Ostiraliya ba ta da ungulu ko ɗaya, abin da ya sa sunan da muke kiran jirgin da shi ya zama abin dariya a can. Masu cin mushen su ne karen dajin da ake kira dingo, da yanyawa, da kyanwar daji, da aladu a inda ake da ruwa, sai ƙudaje. Yawancin waɗannan su ne dabbobin da makiyayi ke kuka da su, masu kashe masa ƴan tumaki. Wanda ya harbe aladu ɗari ya bar su a bakin tafki ya shirya wa sauran aladu da karnuka walima a daidai lokacin da yunwar fari za ta rage su.

Akwai kuma cutar da makiyayan arewacin Ostiraliya suka daɗe da sani, wato botulizim. Ƙasarsu ba ta da isasshen sinadarin fosfaras, don haka shanu kan riƙa gwagwiyar ƙashin mushe don cike giɓin. Ƙwayar cutar tana zaune a ruɓaɓɓen nama da ƙashi, gubarta ta shanye wa saniya ƙafafu da harshe har ta mutu, gawarta kuma ta zama sabon tarko ga sauran garken. Duk makiyayin da ya taɓa ganin saniyarsa na tauna ƙashi a ƙarshen rani ya san wannan ɗabi'a ba ta Ostiraliya kaɗai ba ce. An ga irin wannan annoba a yankin Ferlo na Senegal a shekarun 1960, a kewayen rijiyoyin burtsatse.

Sai harsashin kansa. Yawancin harsasan farauta na dalma ne, kuma idan suka shiga jikin dabba sukan tarwatse zuwa ƙananan ɓarɓashi masu yawa da ido ba ya gani. Mikiyar da ta ci naman ta ci dalmar. Wannan ne ya kusa ƙarar da wata babbar ungulu ta jahar Kaliforniya a Amurka, har jahar ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan ƙarfe. Harsashin tagulla ya fi tsada, shi ya sa canjin ke tafiyar hawainiya.

Binnewa ma tana da nata sharaɗin. A ƙarshen 2020 Denmark ta hallaka miliyoyin wasu ƙananan dabbobi da ake kiwo don gashinsu, saboda korona. Aka binne wasu cikin gaggawa a ramuka marasa zurfi, cikin ƙasa mai yashi. Iskar ruɓewa ta riƙa turo gawarwakin sama, aka kuma shiga fargabar gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa. A watan Mayun 2021 sai da aka fara tono kusan miliyan huɗu aka kai su wurin ƙonawa. Ƙasa mai kuɗi da injuna ke nan.

A gida Nijar ba mu da jiragen harbi, kuma a halin tsaron da ake ciki manomi ba ya yawo da bindiga a gona yadda ya ga dama. Dokar farauta ta 1998 ma ta ɗora kula da namun daji a hannun jami'an gandun daji. Amma rikicin manomi da dabbar dawa muna da shi. A 2017 an kashe dorina sama da ashirin a yankin Ayoru na jahar Tilaberi, bayan mazauna bakin kogin Kwara sun daɗe suna kukan ɓarnar gonaki da kifar da jiragen ruwa. A wasu wuraren gadu ne da birai, a wurin makiyaya kuma dila. Bambancinmu da Ostiraliya shi ne a nan nama ba ya kwana a ƙasa, kuma haɗarin yana nan. A 2011, a gundumar Chama ta Zambiya, ɗaruruwan mutane sun kamu da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antraks, bayan sun yi ta fawar dorinar da cutar ta kashe. Dabbar dawa da ta zo hannu cikin sauƙi, tana tangaɗi ko ta kasa gudu, ita ce ya kamata a fi tsoro.

Abin da ya fi bindiga muni a wurinmu shi ne guba. Wanda dila ta ɗauke wa akuya yakan barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe ya ajiye a bayan gari. Dilar tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa, amma ungulu da karnukan gari ba sa fashi. A 2019 an tsinci gawar ungulu sama da 500 a Botswana a kewayen mushen giwaye da aka sa wa guba, a 2020 kuma sama da 2,000 suka mutu a Gini Bisau. Ungulun da a da ke cika mahautan Maradi da Damagaram tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. Indiya ta nuna abin da ke biyo baya: da maganin dabbobi na diclofenac ya kashe mata sama da kashi 95 cikin ɗari na ungulayenta, karnukan titi suka gaji mushen, suka yawaita, a ƙasar da ta riga ta fi kowace fama da cizon mahaukacin kare.

Ƙa'idojin da likitocin dabbobi ke maimaitawa ba su da wuyar fahimta. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a ja ta a ƙasa, domin ƙwayar ciwon saifa tana iya zama cikin turɓaya shekaru da dama. Rami ya kai zurfin mita biyu, nesa da rijiya da tafki da hanyar ruwa. Ƙonawa ta fi tsabta, amma ƙone saniya guda har ta zama toka yana cin itacen da gida zai yi makonni yana girki da shi, don haka a karkara rami ya fi yiwuwa.

Wuyar tana wurin wanda zai haƙa. Mai jakin da ya mutu ya riga ya yi asara, ba zai ƙara biyan lebura ba, sai ya jawo shi da dare ya yar a cikin kwari ko bakin Gulbin Maradi, ruwan farko ya kwashe shi zuwa tafkin da yara ke wanka. Ofisoshin magadan gari suna karɓar haraji a kan kowace dabbar da aka sayar a kasuwa da wadda aka yanka a mahauta. Daga cikin wannan kuɗi za a iya keɓe fili a wajen gari, da amalanke, da mutum biyu masu diga da shebur, da lambar wayar da kowa ya sani, kafin damina ta kankama.