Binciken gigin tsufa da hoton ƙwaƙwalwa a Arewacin Najeriya

Gigin tsufa, wanda likitoci suke kira cutar mantuwa, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke cinye tunani, magana da basirar mutum sannu a hankali, har ya kasa gudanar da al'amuran da ya saba yi da kansa. Duk da sunan da Hausawa suka ba shi, ba dole ba ne ga kowane tsoho: cuta ce mai dalilai, mafi yawa daga ciki cutar Alzheimer, sai kuma lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. A Najeriya yawancin binciken an yi shi ne a Ibadan. Abin da aka rubuta game da ƙasar Hausa kaɗan ne, kuma babban kaso daga ciki aikin likita ɗaya ne da abokan aikinsa a Zariya.

Tushen binciken a Ibadan

A shekarar 1992 aka fara aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, tare da Adesola Ogunniyi, Olusegun Baiyewu da Oye Gureje. An gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da ya fito a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, a Indiyanafolis kuma kashi 8.24. Wannan tazara ta ja hankalin masana a duniya, domin ta nuna cewa abinci, yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini suna da hannu a cutar, ba gado kaɗai ba.

Sai dai alƙaluman da suka biyo baya ba su tsaya wuri ɗaya ba. Wani binciken Gureje na 2006 a ƙasar Yarabawa ya samu kusan kashi 10, na Jos a wannan shekarar ya samu kashi 6.4. Bambancin ya fi alaƙa da irin tambayoyin da aka yi amfani da su fiye da bambancin mutanen kansu. A 2019 Davies Adeloye da abokan aikinsa suka tattara binciken da ake da su, suka fitar da kashi 4.9 ga ƙasar baki ɗaya, suka kuma ƙiyasta cewa masu cutar sun tashi daga kimanin dubu 63 a 1995 zuwa dubu 318 a 2015. Wannan shi ne adadin da jaridu suka fi maimaitawa, amma mafi yawan abin da aka gina shi a kai daga Kudu maso Yamma ya fito.

Ayyukan Abdulkareem Jika Yusuf

Abdulkareem Jika Yusuf likitan taɓin hankali ne da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya shugabanci asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kaduna. A 2011 shi da Baiyewu da wasu likitoci biyu suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffi 322 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda ke zaune a gidajensu a Zariya. Sun samu mutum tara da cutar, wato kashi 2.79 cikin ɗari. Shida cutar Alzheimer, uku kuma ta jijiyoyin jini.

Darajar aikin tana cikin yadda aka yi shi. Gwaje-gwajen da aka tsara a Turai suna tambayar mutum kwanan wata na boko, su sa shi ya rubuta jimla ko ya kwafi zane da fensir. Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba, ko da ya haddace Alƙur'ani kuma ya san lissafin damina da taurarinta, zai faɗi irin wannan gwaji ba don ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Masu binciken Zariya sun yi amfani da kayan aikin da aka gyara a Ibadan, ciki har da jin ta bakin wani na kusa da tsohon, da gwajin tsinken ashana wanda Baiyewu ya fitar a 2005: ana jera ashana huɗu a wata siffa, a ce mutum ya kwaikwaya. Wannan ba ya buƙatar karatun boko.

Raunin aikin kuma a fili yake. Mutum tara ba su isa a raba su gida biyu a ce ga yadda nau'o'in cutar suka kasu a Arewa ba. Da mutum ɗaya ya canza rukuni, da lissafin ya sauya sosai. Ko kashi 2.79 ɗin kansa, a ƙa'idar ƙididdiga, yana iya zama ko'ina tsakanin kashi 1 da kashi 4.6. Ga shi kuma Zariya birni ce mai jami'a da asibitin koyarwa.

Yusuf ya ci gaba da bin batun ta wasu fuskoki. A 2012 ya wallafa nazari kan yadda shugabannin al'umma a Arewa suke kallon cutar, a 2018 kuma wani kan tsofaffi masu ciwon suga, inda aka ga ƙarancin ilimi da rashin abokin zama na aure suna tafiya tare da ita. Tun a 2009 ya yi rubutu kan nauyin da ke kan dangin masu taɓin hankali a Katsina. Idan aka haɗa su, ayyukan sun fi karkata ga gida da unguwa fiye da na'ura.

Hoton ƙwaƙwalwa

Babu hoton da shi kaɗai zai ce mutum yana da gigin tsufa. Likita yana gane cutar ne ta tarihin maras lafiya da gwajin tunani. Amfanin hoto iri biyu ne. Na farko, yana bankaɗo abubuwan da suke kama da cutar amma ana iya magance su: jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, tarin ruwa a ƙwaƙwalwa, ko ƙari. Na biyu, yana taimakawa a rarrabe nau'in cutar. A cutar Alzheimer sashen da ke ajiye sabon tunani, wato hifokamfus, yakan motse. A ta jijiyoyin jini kuma ana ganin tabon ƙananan toshewa. Na'urar CT tana ganin jini da ƙari da sauri, amma MRI ce ke nuna irin waɗannan ƙananan canje-canje da kyau.

Ƙidayar da Godwin Ogbole da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ta samu na'urar MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu raunin maganaɗisu ne. A Kano an ƙaru da cibiyar gwaje-gwaje da hukumar NSIA ta buɗe a harabar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2020. Duk da haka na'urorin suna cikin birni, kuma iyali ne ke biya daga aljihu.

Binciken da ya fi kowanne haɗa Arewa da hoton ƙwaƙwalwa ba na gigin tsufa ba ne, na shanyewar ɓarin jiki ne. Shirin SIREN, wanda Mayowa Owolabi da Bruce Ovbiagele suka jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ya haɗa da Kano, inda Lukman Owolabi ya kula da aikin, da kuma Zariya. An tabbatar da cutar da hoton CT ko MRI. Rahoton 2018 a kan marasa lafiya 2,118 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, adadin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba, kuma hawan jini ne ya ɗauki kusan kashi 90 na alhakin. An ga ƙarancin cin ganye yana ƙara haɗari, abin lura a ƙasar da zogale da rama suke fitowa a bayan gida. Alaƙar wannan da mantuwa ta fito a aikin Rufus Akinyemi na Ibadan, wanda ya gano cewa wata uku bayan shanyewar ɓarin jiki, kusan rabin waɗanda suka rayu suna da raunin tunani, kimanin kashi 8 kuma sun kai matakin gigin tsufa.

Halin da ake ciki a karkarar arewacin Kano

Yankin Dawakin Tofa, Ɓichi, Minjibir, Makoɗa da Ɗambatta yana cikin abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya nazarta tun shekarun 1960 a matsayin karkara mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona ana noma ta kowace shekara da taki. A irin wannan wuri ƙwaƙwalwar dattijo ita ce takardar shaida. Shi ya san inda iyakar gona ta tsaya, wace gona aka bayar aro, wace ce jingina, nawa aka karɓa. Idan tunaninsa ya fara gushewa kafin a raba gado, rigimar da za ta biyo baya takan kai gaban mai unguwa ko alƙali.

Jinya kuwa tana faɗawa kan mata: matar tsohon, 'yarsa ko matar ɗansa, musamman da rani idan maza sun tafi cin rani. Tarbiyyar biyayya ga iyaye ta sa da wuya a yasar da tsoho, kuma wannan ƙarfi ne na gaske. Amma ita ce kuma ke ɓoye cutar. Ana cewa "tsufa ne", a yi haƙuri, a sa ƙofa kada ya fita ya ɓata. Idan abin ya zo da zargi, zage-zage ko yawon dare, sai a tafi wajen malami neman tofi da rubutu, ko a ce sammu ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kusa da waɗannan ƙauyuka, amma sunansa ya zama tambarin hauka, ba kowane ɗa ne zai yarda a ce ya kai mahaifinsa can ba. Sakamakon haka, tsohon da jini ya taru a kansa bayan ya faɗo daga babur, wanda tiyata za ta iya dawo masa da hankalinsa, ana iya lissafa shi cikin masu gigin tsufa har ya mutu.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta a 2006, lokacin da aka ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Duk lissafin yawan tsofaffin yankin a yau ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Muhawarar fifiko

Sababbin magungunan Alzheimer sun ƙara faɗaɗa tazarar. Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, farashinsa a lokacin ya kai dala 26,500 a shekara, kuma dole a riƙa maimaita hoton MRI don sa ido kan kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ba magani ba ne da manomin Makoɗa zai gani nan kusa. A ɗaya ɓangaren, kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da ƙarancin ilimi, suna da alhakin kimanin kashi 45 na cutar a duniya. Idan aka ɗora wannan a kan abin da SIREN ya nuna, hujjar ta fi rinjaya ga na'urar awon jini da magani mai araha a asibitin sha-ka-tafi fiye da sabuwar MRI a birni, ko da yake masu bincike suna buƙatar hoton don sanin ainihin nau'in cutar da ya fi yawa.

Kano tana da misalin da ya yi aiki. A binciken rigakafin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila, wanda Najibah Galadanci, Shehu Umar Abdullahi da Michael DeBaun suka gudanar, an horar da ma'aikata amfani da ƙaramar na'urar sauti mai auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, aka riƙa gano yaran da ke cikin haɗari ana ba su magani mai sauƙin kuɗi. Ga tsofaffi, dokar da ta kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta samu sa hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa kuma ta fito a farkon 2023. Har yanzu dai adadin da ake ambatawa idan ana maganar gigin tsufa a ƙasar Hausa shi ne na mutum 322 da aka gwada a Zariya.