WordPress Bai Dace da Kowa Ba

Mai makaranta ne, ko shugaban ƙungiya, ko ɗan kasuwa, duk wanda ya je wurin masu haɗa shafin intanet amsa ɗaya yake ji tun bai gama bayani ba: "A yi shi da WordPress, kyauta ne, kowa shi yake amfani da shi." Ba mai tambayar dalili. Ni kam a ganina wannan shawara ta cuci mutane da dama.

Ba raina WordPress nake yi ba. Tun da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a 2003 ya sauƙaƙa wa miliyoyin mutane wallafa, har yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. To amma yawan nan ne ya sa masu kutse suka sa shi gaba. Kuma ba zama suke yi suna zaɓen wanda za su kai wa hari ba, balle mai ƙaramar Islamiyya ya ce wa zai kula shi. Manhajoji suke saki suna bin shafuka dare da rana, suna neman wanda aka daɗe ba a sabunta ba. Mafi yawan ɓarakar ma ba daga jikin WordPress take ba, daga filogin take, ƙananan manhajojin nan da ake ɗora masa don fom ko ciniki ko hotuna.

Batun kyauta kuwa, kyautar doki ce: an ba ka, amma harawa da dusa kullum a wuyanka. Akwai kuɗin masaukin shafi, akwai na sunan shafi duk shekara, kuma filogin masu inganci da dala ake sabunta lasisinsu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Me mai haɗa shafi zai yi? Sau da yawa sai ya sauko da na sata, wanda ba ya karɓar sabuntawa, wani ma da ƙofar ɓarayi a cikinsa. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan wata shida iyaye su buɗe shafin makaranta su tarar da tallar caca. Wannan shi ya fi ƙona min rai, domin mai makarantar bai san laifin da ya yi ba, kalmar sirrin ma ba a hannunsa take ba.

Masu cewa WordPress ba na kowa ba ne, na jama'a ne, su tuna da 2024. A watan Satumba rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da WP Engine, wani kamfanin masaukin shafuka, Mullenweg ya toshe wa kamfanin hanyar ɗauko sabuntawa daga WordPress.org, abin ya shafi abokan cinikin da ba ruwansu. Sai da kotu a Kalifoniya ta ba da umarni a Disamba aka buɗe.

Jaridar da ke fitar da labarai kullum, tana da editoci da ma'aikacin da ke kula da shafin, WordPress ya dace da ita. Jami'a mai sassa da yawa ta duba Drupal. Amma asibitin unguwa da ke son nuna adireshi da lokutan aiki da lambar waya, me zai yi da rumbun bayanai da filogin ashirin? Shafi tsayayye da aka haɗa da Hugo ko Jekyll ya ishe shi: ba wurin shiga da za a fasa, yana buɗewa da wuri ko da sabis ya yi rauni, ba ya cinye wa mai karatu data. Dandalin haɗa shafi na Wix yana da sauƙi, sai dai ranar da ka so tashi ba za ka iya ɗauke shafin yadda yake ba.

Kafin a ambaci sunan kowace manhaja, mai shafi ya tambaya: wa zai riƙa sabunta shi bayan an gama, nawa ne ladansa a shekara? Ya nemi a rubuta masa ɓ da ɗ da ƙ a gabansa, ya duba a wayarsa, domin salon haruffa da yawa ba su da su. Sunan shafin kuma a yi masa rajista da sunansa da imel ɗinsa, ya ga shaida da idonsa kafin ya biya cikon kuɗi.