Kafin Ka Tafi Ci Rani

An gama kaka, samari suna shirin tafiya Kano da Kaduna. Ba mu hana ba. Amma wa aka bari a gida? Tsohuwa da jikoki. Ita ce rijiya, ita ce jeji neman itace, ga ciwon gwiwa.

Ɗan'uwa, kuɗin da kake aikowa ba ya jan guga. Ko Yesu yana kan gicciye, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Kafin ka hau mota, gyara mata jinka, ka tara mata itace, ka duba rumbu ko hatsin zai kai damina. Sa'an nan ka shirya da maƙwabci, yaronsa ya riƙa cika mata randa har ka dawo.