Teɓa Da Fuka: Amsa Ga Wani Attajirin Babura

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wani attajiri ya aiko mini da takarda daga Babura, yana cewa tun da ya yi teɓa fuka ta matsa masa, musamman in hunturu ya kama, har ruku'u yana yi masa wuya. Dangi kuwa sun ce sammu ne.

Alhaji, ban ga alamar sammu a bayaninka ba. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umurni a kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. A lura da kashi na uku ɗin nan. Kitsen tumbi yana danne huhu daga ƙasa, yana kuma fitar da sinadaran da ke kumbura hanyoyin iska. A 2007 wasu likitoci biyu a Amurka sun haɗa bincike 7, suka ga haɗarin kamuwa da fuka yana ƙaruwa da kimanin rabi ga mai ƙiba.

Abin mamaki kuwa, Allah Ya zaunar da ƙananan halittu a jikin ɗan Adam, waɗanda ido ba ya gani. An ƙiyasta su tiriliyan 38 a 2016, mafi yawansu a hanji. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa, kamar dusa da ɓawon wake da ganye, su kuma su mayar da shi sinadarin da ke kwantar da kumburi. A 2014 masana a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun ciyar da ɓeraye irin wannan abinci, kumburin huhunsu ya ragu. Ɓera dai ba mutum ba ne, kada a yi gaggawar hukunci. Amma a 2010 an gwada yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Florence na Italiya, aka tarar na ƙauye sun fi yawan wannan sinadari.

To, wannan ai abincin Babura ne da Roni da Gwiwa. Mu ne muka sami abin hannu, muka raina fura da miyar kuka da zogale, muka koma farar shinkafa da burodi da lemon kwalba, muka wuni a shago ko ofis ba motsi. Ga kuma sayen kafso a kyamis ba tare da likita ya rubuta ba, alhali yana kashe halittun nan, mai amfani da marar amfani.

Saboda haka, Alhaji, ka je asibiti a auna ka. Kada ka bar maganin shaƙa da aka ba ka, domin fuka tana kisa. Ka rage tuwon dare, ka riƙa takawa zuwa masallaci da ƙafa, ka rufe hanci ranar da hazo ya sauka.

Wallahu a'alamu.