Riɗi Ba Ya Jira, Yaro Ma Ba Ya Jira

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif a gabashin Sudan ya san Simsim, ya kuma san abin da sunan yake nufi, domin da Larabci simsim shi ne riɗi. Yanki ne na baƙar laka, inda aka buɗe manyan gonakin tarakta a ƙarshen shekarun 1960, bayan da noman inji ya kafu a Gadarif tun shekarun 1940. Dawa da riɗi su ne arzikin wurin, kuma Hausawa na cikin waɗanda guminsu ya jiƙa wannan ƙasa, iyaye da kakanni.

Manomin riɗi ba ya bukatar wanda zai yi masa wa'azi a kan darajar lokaci. Da zarar ganye ya yi rawaya, kwanson ƙasa ya fara nuna, ya san 'yan kwanaki ne tsakaninsa da asara, saboda kwanson riɗi da kansa yake tsagewa ya zubar da ƙwaya. Shi ya sa idan watan Oktoba ya kama ake neman hannu ko ta halin ƙaƙa, har ma'aikata daga Habasha sukan ƙetaro iyaka da laujensu. A yanka, a ɗaure, a jingina dammuna su bushe, a kaɗe. Ba mu taɓa jin mai gona ya ce a bari sai bayan Sallah ba.

Tambayarmu ga iyaye da masu gonaki da dattawan unguwa ita ce: mutumin da ya san wannan game da riɗi, yaya aka yi ya ɗauka cewa zangon karatun yaro ɗan shekara 6 zai jira? Da wane lissafi ake cire yaro daga aji wata guda ko biyu don kaka, a ce ai zai cim ma 'yan'uwansa? Mun ce ba zai cim musu ba. Kuma waɗanda suka fi kowa gane haka a Sudan su ne mutanen da wasunmu suka fi ƙyamar a ambata, wato masu makarantun firamare na Katolika, waɗanda jama'a ke kira makarantun Kamboni.

Bari mu warware abin da ke cikin zango guda na ajin farko, domin mai raina shi bai taɓa ƙirga shi ba. Zango 'yan watanni ne kawai. A cikin waɗannan makonni ake so yaro ya iya riƙon fensir, ya san ta gefen da ake fara rubutu, ya iya zama wuri ɗaya ya saurara har a gama magana. A ciki zai fara haɗuwa da baƙaƙen Larabci 28, waɗanda yawancinsu sukan sauya kama gwargwadon inda suka faɗo, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Zai koyi cewa ɗige-ɗige ne suka raba ba da ta da sa, ya koyi wasulla, ya fara haɗa baƙi da baƙi har kalma ta fito daga bakinsa. A lissafi zai gane cewa alamar 7 tana nufin tsakuwa bakwai ko awaki bakwai, sannan ya fara tarawa da ɗebewa. Kowane mako yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi, kamar jerin tubali. Wanda aka cire a mako na biyar aka dawo da shi a na goma, zai tarar ana haɗa kalmomi da baƙaƙen da bai taɓa gani ba.

Ɗan Bahaushe kuwa kayansa sun fi na sauran nauyi. Da Hausa ya tashi a ɗakin uwarsa, Larabcin kasuwa ya tsinta a waje wajen wasa, ga shi littafi yana magana da Larabcin fusha wanda babu mai yin sa a gida ko a titi. Harshe uku ke nan a kan yaron da bai gama famfara ba. Irin wannan yaro shi ya fi kowa bukatar kowace rana ta zangon, amma shi ake fara cirewa. Idan ya dawo ya kasa, sai malami ya mayar da shi bencin baya, uba ya ce dama ba shi da ƙwaƙwalwar boko. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Makonni biyar ɗinsa ne aka kaɗe tare da riɗi.

To mene ne sirrin makarantun Kamboni? Sunan ya samo asali ne daga Daniel Comboni, limamin Katolika ɗan Italiya wanda ya rasu a Khartum a 1881. Mabiyansa suka buɗe Kwalejin Kamboni a Khartum a 1929, makarantu suka yaɗu zuwa Atbara da Bur Sudan da Al-Ubayyid da wasu garuruwa. Babu wata hatimi da suke binnewa a ƙofar aji. Abin da aka san su da shi kowa zai iya: malami ya zo a kan lokaci, a kira suna kowace safiya, a rubuta abin da za a koyar a zango tun kafin a fara, a duba littafin kowane yaro, idan yaro ya yi fashi a nemi ubansa a ji dalili. Sun ɗauki zango a matsayin amana mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar yadda manomi ya ɗauki damina. Haka 'yan'uwa mata na St. Louis, waɗanda suka sauka Kano daga ƙasar Ailan a 1948, suka yi suna har manyan gidajen Musulmi suka riƙa kai musu 'ya'ya.

Mun san amsar da ke bakin wasu: makarantar mishan ce, za a sauya wa yaro addini. Ba mu ce tsoron ya faɗo daga sama ba. Yana da tarihi. A ƙasar Hausa kakanninmu sun ga boko ya shigo ne a bayan bindigar Nasara, sun ga aikin Dokta Miller a Zariya wanda daga baya ya koma Wusasa, kuma sun san cewa mai wa'azi ba ya gina aji don a manta da abin da ya kawo shi. Haƙƙin kowane uba ne ya tambayi abin da ake karanta wa ɗansa a darasin addini, ya tsaya kai da fata a kan amsar. Amma a dubi abin da ya faru a Sudan ɗin kanta. Manhajar ƙasar ta raba darasin addini, Musulmi da nasa, Kirista da nasa. Musulmi sun cika azuzuwan Kamboni shekara da shekaru. Sadiƙ al-Mahdi, tattaɓa-kunnen Mahadi, wanda ya riƙe muƙamin firayim minista sau biyu kuma ya zama limamin Ansar, ya zauna a bencin Kwalejin Kamboni yana yaro. Gidan da ya fi kowane gida a Sudan suna wajen yaƙar Turawa bai ji tsoron allon fada ba.

Kuma a fahimce mu da kyau, ba kira muke yi kowa ya kwashi 'ya'yansa ya kai coci ba. Makarantun nan galibi a birane suke, akwai kuɗin makaranta, kuma ɗan ƙwadagon da ke kwana a bukkar gona a Simsim ba zai kai gare su ba ko da yana so. Wannan ma abin faɗa ne ga masu su. Abin da ke ba mu takaici shi ne mutumin da ya ƙi makarantar fada saboda addini, ya ƙi ta gwamnati saboda ba a koyar da komai, bai gina tasa ba, sannan ya tura ɗan shekara bakwai korar tsuntsu a gonar wani. Addini bai amfana da wannan ba ko kaɗan. Yaron da ba ya aji a watan kaka, ba a gaban alaramma yake ba, yana cikin karan dawa. Laifi tudu ne, an taka na gida ana hango na mishan.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne asalin mutanen da ake magana a kansu. Hausawan Sudan ba a jahilce suka zo ba. Da yawansu jikokin mahajjata ne da suka tako da ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, allo a rataye, gafaka a kafaɗa, suna nufin Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Kogin Nilu, aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Duk inda suka yada zango sai sun hura wutar karatu. Tsangaya, wadda mutanen Sudan ke kira halwa, ta san tsari sarai: ba a wanke wa almajiri allo sai ya biya, ba a tsallake babbaƙu a faɗa farfaru. Wato ƙa'idar da fada yake bi a ajinsa, cewa kowane mataki sai an taka shi a lokacinsa, alaramma ya riga shi saninta. Jikokin waɗannan mutane ba su da uzurin cewa baƙon abu ne.

Yanzu ga yaƙi ya zo ya nuna wa kowa farashin zango. Da yaƙin ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka rufe a yawancin Sudan, na Kamboni da ke Khartum ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2023 UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023, jama'a suka kwararo Gadarif, azuzuwa suka koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, a jihar da dama take ɗauke da sansanonin 'yan Habasha irin su Um Rakuba tun 2020. Akwai yaran da shekarun shiga aji ɗaya suka zo suka wuce ba su ga alli ba. Wannan asara ce da bindiga ta jawo, babu uban da za a tuhuma da ita. Amma bayan abin da yaƙi ya cinye, wanda ya ƙara miƙa wa gona zango guda da hannunsa, me zai ce wa yaron nan idan ya girma?

Za a ce talauci ne, kuma gaskiya ne talauci ba ƙarya ba ne. Gidan da bai tara na hatsi a kaka ba zai sha wuya har wata kakar. Sai dai a auna abin da ɗan shekara shida ko bakwai yake samowa a rana, a ɗora shi a sikeli ɗaya da iya karatu na tsawon rai. Wanda bai iya karatu ba, shi ne gobe za a auna masa buhu a kasuwar amfanin gona ta Gadarif a rubuta abin da aka ga dama, shi ne zai dangwala yatsa a takardar bashin da bai san abin da ke ciki ba. Ribar ƙwadagon ƙaramin yaro ba ta tsayawa a gidan ubansa, mai gona ne yake samun hannu mai araha. Don haka kaso mafi girma na wannan magana nasu ne, masu tarakta da manyan filaye, musamman waɗanda suke Hausawa kuma ake kiran sunansu a sahun gaba.

Ga abin da muke nema, kuma babu ɗaya da ya fi ƙarfin jama'a. Masu gonaki su daina ɗaukar yaran ajin farko aiki a ranakun makaranta, dattawa su mayar da hakan abin kunya kamar yadda tauye mudu yake abin kunya. Attajiran riɗi su ɗauki nauyin malami ko da ɗaya ne a kowane ƙauye, a fifita wanda yake jin Hausa, domin ya buɗe wa yaro ƙofar Larabci da harshen da ya tashi da shi. Alarammomi da malaman boko su zauna su raba yini, asuba da dare na allo, hantsi na aji, kada a sa yaro zaɓi tsakanin biyun. Uba kuma, ko bai yi boko ba, ya je makaranta a makon farko ya ce wa malami: malam, me ɗana zai iya kafin ƙarshen wannan zango? Ya riƙe amsar. Ranar hutu ya zaunar da yaron, ya ɗebo tsakuwa ya ce ƙirga, ya nuna masa rubutun jikin buhu ya ce karanta. Uwa ma za ta iya wannan a tsakar gida. Na nawa ya zo a aji ba shi ne abin tambaya ba, domin ana iya zuwa na ɗaya a ajin da babu wanda ya iya komai.

Masu makarantun Katolika sun yi abin da suka yi imani da shi, sun yi shi da tsari, sun ga amfaninsa. Zagin su ba zai koya wa ɗa ko ɗaya baƙi ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Riɗin da ya zube bana ana iya shuka wani baɗi, amma yaro sau ɗaya yake shekara shida. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya buɗe makarantunta, ya ba iyaye ikon sauke amanar da ya ɗora musu.